Muhawarar Matasa da Yaƙi da Ji-ta-ji-ta a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya yi makarantar sakandare a Arewacin Nijeriya ya san ƙungiyar muhawara, ya kuma san irin batutuwan da aka saba ɗora ta a kansu: tsakanin likita da malamin makaranta wa ya fi amfani, ko zaman birni da zaman ƙauye wanne ya fi daɗi, ko makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo wacce ta fi tarbiyya. Akan fito da ɗalibai huɗu ko shida, su gai da shugaban zama da alƙalai da mai kula da lokaci, sannan kowa ya zubo abin da ya haddace da Ingilishi. Daga nan sai a tafa, a raba kyauta, a watse. Galibi wanda ya fi murya da santsin harshe shi yake lashe gasar, kuma da wuya a ji alƙali ya tambayi ɗalibi inda ya samo abin da ya faɗa.

A 'yan shekarun nan an yawaita kira ga a yi amfani da muhawara wajen jawo matasa cikin harkokin ƙasa, da kuma kare su daga labaran ƙarya da suka cika wayoyin hannu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kiran yana bisa hanya, amma fa da sharaɗi. Muhawara ba za ta yi wannan aiki ba sai an gudanar da ita cikin harshen da ji-ta-ji-ta take yawo a cikinsa, a kan batutuwan da suka shafi rayuwar ɗaliban, sannan a mai da madogarar magana abin da ya fi kome nauyi wajen ba da maki. Idan aka rasa waɗannan, to, abin da za a yaye shi ne gwanayen baki, waɗanda ƙarya ma tana iya ɗaukarsu aiki.

2.0 Ma'anar Muhawara

Hausa tana da kalmomi da dama na saɓanin magana, kuma kowacce da inda ta dosa. Musu shi ne wani ya ce i, wani ya ce a'a, ba tare da ɗayansu ya kawo dalili ba. Gardama ta ɗara musu, domin akwai taurin kai a cikinta, shi ya sa ba yabo ba ne a ce da mutum mai gardama. Jayayya da taƙaddama sun fi karkata ga neman haƙƙi, kamar a kan gona ko gado ko sarauta. Cacar baki da sa-in-sa da ka-ce-na-ce kuwa maƙwabtan faɗa ne, ba a fita daga cikinsu da wani ilmi.

Ita kalmar muhawara an aro ta ne daga Larabci, inda take nufin mayar wa juna magana. A ma'anar da ake nufi a nan tana da sharuɗɗa huɗu. Na farko, a tsai da batu guda wanda aka fayyace iyakarsa. Na biyu, a sami ɓangarori biyu da aka ba su lokaci daidai wa daida. Na uku, duk abin da aka faɗa a kafa masa hujja wadda abokin hamayya yake da damar bincikawa. Na huɗu, a sami alƙali ko masu sauraro da za su yanke hukunci bisa abin da suka ji a wurin. Sharaɗi na uku shi ne ya raba muhawara da gardama, kuma shi ne aka fi sakaci da shi a makarantu.

3.0 Tushenta a Tarihin Ƙasar Hausa

Wasu suna ɗaukar muhawara baƙuwar al'ada ce da ta zo tare da boko. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Malaman zaure sun daɗe da sanin fannin munazara da ladubbansa, kuma akwai misalai uku da suka isa su nuna cewa kafa hujja a bainar jama'a tsohon abu ne a wannan ƙasa.

Misali na farko shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno da shugabannin jihadi na Sakkwato a farkon ƙarni na 19. Al-Kanemi ya nemi a gaya masa dalilin yaƙar Barno alhali mutanenta Musulmi ne, yana kafa hujja da cewa aikata saɓo bai kai ga kafirci ba. Muhammadu Bello ya mayar da martani, sannan ya shigar da wasiƙun cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na shekarar 1812. Abin lura a nan shi ne, Bello ya adana hujjojin abokin hamayyarsa tare da nasa, har ya zama mai karatu na yau yana iya auna su da kansa.

Misali na biyu shi ne jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne kashe raɗe-raɗin da suka bazu gab da Yaƙin Duniya na Biyu, musamman na cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Ko da yake jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma tana da nata ra'ayin da take karewa, filin wasiƙunta ya zama dandalin da 'yan boko da malamai suka riƙa mayar wa juna magana a kan ilmi da mulki da al'ada.

Misali na uku, wanda ya fi kusa da batun wannan maƙala, shi ne majalisar taɗi da aka kafa a Bauchi a shekarar 1943 da amincewar Turawan mulki. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da wasu Turawa sukan taru su tattauna batun da aka tsayar. Cikin mahalartanta akwai Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, wanda shi ne sakatare, kuma dukkansu matasa ne a lokacin. Sun taɓo har tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna, kuma ba a daɗe ba hukuma ta rufe majalisar bayan da aka tayar da tambaya a kan yadda ake ƙayyade albashin sarki. Rufewar ba ta kashe abin da aka shuka ba. Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957, Aminu Kano ya shugabanci jam'iyyar NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950, Sa'adu Zungur kuwa waƙoƙinsa da rubuce-rubucensa sun zama ginshiƙin tunanin siyasar Arewa kafin rasuwarsa a 1958. Darasin da ke cikin wannan shi ne, majalisar ta yi tasiri ne domin batutuwanta na gaske ne, har suka kai ga tsorata masu iko. Da a kan likita da malami aka tsaya, da babu wanda zai rufe ta, babu kuma wanda zai tuna da ita.

4.0 Ji-ta-ji-ta a Ma'aunin Harshe

Bahaushe bai ɗauki ƙarya abu guda ba. Akwai ji-ta-ji-ta da raɗe-raɗi, watau labarin da ba a san tushensa ba, wanda mai yaɗa shi yana iya zama ya gaskata shi da zuciya ɗaya. Akwai shaci-faɗi, maganar da aka yi ba da sani ba. Akwai ƙanzon kurege da zuƙi-ta-malle, labarin da babu shi sam. Sannan akwai ƙage da ƙazafi da yarfe, waɗanda ake ƙirƙira da gangan don a ɓata wani. Wannan rabe-rabe yana da amfani ga mai koyarwa, domin maganin wanda aka ruɗa daban yake da maganin wanda ya shirya ruɗin.

Bugu da ƙari, nahawun Hausa kansa yana da hanyoyin nuna inda mai magana ya samo labarinsa. A dubi waɗannan jimloli:

(a) Na ga an rufe asibitin.
(b) An rufe asibitin, in ji mai gadi.
(c) An ce an rufe asibitin.
(d) Wai an rufe asibitin.
(e) An rufe asibitin.

A jimla ta (a) mai magana ganau ne. A ta (b) jiyau ne, amma ya ambaci wanda za a iya komawa gare shi. A ta (c) wakilin sunan nan "an", wanda ba ya nuna kowa, ya ɓoye mai maganar farko. A ta (d) kalmar "wai" ta nuna mai magana ya tsame hannunsa, har ma da alamar shakka. Ta (e) kuwa ba ta ɗauke da wata alama, saboda haka mai sauraro yakan karɓe ta a matsayin tabbas. Tafiyar ji-ta-ji-ta ita ce gangarowa daga (d) zuwa (e): mutum na farko ya ce "wai", na biyu ya ce "an ce", na uku ya zubar da su duka. Wani lokaci ma akan sami na huɗu ya hau (a), ya rantse da idonsa ya gani.

Adabin baka ma ya kiyaye wannan iyaka. Mai tatsuniya yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku", ya rufe da "ƙurunƙus", yana mai shaida cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Watau tatsuniya tana sanar da kanta, ba ta shiga rigar labari. Abin da wayar hannu ta kawo shi ne tatsuniyar da aka cire wa mabuɗi da marufi, aka sa mata hoto da murya, aka tura ta a matsayin labari.

5.0 Yadda Take Yaɗuwa da Abin da Take Jawowa

Ɓarnar ji-ta-ji-ta ta riga wayar zamani. A shekarar 2003 maganar cewa an gurɓata ɗigon riga-kafin shan inna da abin hana haihuwa ta kai ga wasu jihohin Arewa sun dakatar da shi, kuma Jihar Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. A sakamakon haka cutar ta sake ɓulla a ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta asali daga nahiyar Afirka. Amma wajibi ne a tuna cewa wannan magana ta sami ƙasa mai dausayi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Ke nan ji-ta-ji-tar da ta fi kama jiki ita ce wadda ta jingina da wani abu da ya faru da gaske. Wanda zai warware ta sai ya iya rarrabe ƙwayar da ƙaiƙayin, ya amsa abin da yake gaskiya, ya ƙi abin da aka ɗora masa.

Zuwan wayar hannu ya ƙara wa abin sauri. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ibola, saƙo ya zagaye Nijeriya cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka ba da rahoton rasuwar wasu da kwantar da wasu a asibiti. Bayan doguwar jinyar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari a Landan a 2017, an yi ta yaɗa cewa ya rasu an musanya shi da wani Jibrin daga Sudan, har ta kai shi da kansa ya ƙaryata maganar a ƙasar Polan a watan Disamba na 2018. Wani nazari da masana na cibiyar MIT ta Amurka suka buga a 2018, bisa labarai kimanin 126,000 da aka yaɗa a Twitter daga 2006 zuwa 2017, ya gano cewa labarin gaskiya yakan ɗauki kusan ninki shida na lokacin da na ƙarya yake ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500, kuma mutane ne suka fi yaɗa ƙaryar, ba na'urori ba.

Akwai wani abu da ya keɓanta da ƙasar Hausa. Yawancin irin waɗannan saƙonni da Hausa suke zuwa, kuma da yawansu na murya ne ko na bidiyo, a WhatsApp da Facebook da TikTok, saboda haka rashin iya karatu ba ya tare su. Suna kuma zuwa ne daga hannun ɗan'uwa ko aboki ko malami, wanda kunya take hana a tambaye shi madogara. An sami ƙungiyoyin tantance labarai, irin su Dubawa da aka kafa a 2018, wadda sunanta ma Bahaushiyar kalma ce, amma gyara yakan iso ne bayan ƙarya ta ci kasuwarta ta tashi. Saboda haka dole a nemi abin da zai zauna a kan mai karɓar saƙon tun kafin saƙon ya iso.

6.0 Abin da Muhawara Take Koyarwa

6.1 Rarrabe iƙirari da hujja

Masanin falsafa Stephen Toulmin, a littafinsa na 1958 kan yadda ake kafa hujja, ya nuna cewa kowace magana mai neman a yarda da ita tana da iƙirari, da dalilin da aka dogara da shi, da kuma igiyar da ta ɗaure su. A ɗauka wani ya ce, "An sace kuɗin rijiyar unguwarmu, ga shi kansila ya sayi sabuwar mota." Iƙirarin shi ne sata, dalilin shi ne mota, igiyar kuwa ita ce zaton cewa ba shi da wata hanyar samun kuɗin mota sai wannan. Ɗalibin da ya saba da muhawara igiyar yake fara dubawa, domin a nan yawancin ƙage yake tsinkewa. Yana iya yiwuwa an yi satar, amma motar kaɗai ba ta tabbatar da ita ba, sai an ga abin da aka ware da abin da aka kashe.

6.2 Neman madogara

Wannan ba sabon ilmi ba ne ga yaron da ya yi makarantar Islamiyya. Ya san malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadinta, sun san wa ya ji daga wa, sun kuma auna gaskiyar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa. Ya san aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin jahilci. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa ma'aunin nan yana aiki a kan saƙon WhatsApp. Tambayoyin su ne dai: wa ya faɗa, ganau ne ko jiyau, yaushe, a ina, kuma me zai samu idan aka yarda? A filin muhawara ɗalibi yana amsa waɗannan tambayoyi a gaban jama'a, kuma wanda aka taɓa tsarewa da "in ji wa?" ya rasa amsa, ba ya manta wannan rana.

6.3 Tsayawa a ɓangaren da ba naka ba

A muhawarar gasa ƙuri'a take raba ɓangare, don haka ɗalibi yakan sami kansa yana kare ra'ayin da ba nasa ba. Wannan yana tilasta masa ya san mafi ƙarfin hujjar abokan hamayya, ya kuma gane cewa mai saɓa masa ba lalle ne maƙiyi ko jahili ba. A farkon shekarun 1960 masanin halayyar ɗan Adam William McGuire ya nuna cewa mutumin da aka gabatar wa raunanan hujjojin da ke sukar abin da ya yarda da shi, aka kuma sa shi ya warware su, ya fi jure wa farfaganda daga baya fiye da wanda bai taɓa jin suka ba. Ya kamanta abin da allurar riga-kafi. Matashin da ya taɓa shirya hujja da hannunsa ya san yadda ake zaɓen adadi, da yadda ake yanke magana a tsakiya, da yadda ake tayar da tsoro, don haka yakan gane su idan an yi masa.

6.4 Shiga harkokin jama'a

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a Nijeriya, kusan kashi 40 cikin 100 nasu 'yan shekara 18 zuwa 34, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin kashi 27 cikin 100 na masu rajistar ba. Tun a watan Mayu na 2018 aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa kuma daga 40 zuwa 35. Doka ta buɗe ƙofa ke nan, amma shiga sai da shiri. Ɗalibin da aka ba batun kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa dole ya nemi sanin nawa take samu, wa yake rabawa, me hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yuli 2024 ya ce game da biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma wace dama Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba shi. Abin da darasin aji yake ba shi a matsayin hadda, muhawara tana mai da shi kayan aiki.

7.0 Haɗari da Iyaka

Ba daidai ba ne a ɗauki muhawara maganin kowace cuta. Haɗarinta na farko shi ne ta haifar da abin da aka kafa ta don ta yaƙa. A siyasar Kano da maƙwabtanta an san waɗanda ake kira sojojin baka, masu shiga gidajen rediyo da dandalin sada zumunta suna kare uban gidansu suna sukar abokin hamayyarsa. Da yawansu suna da fasaha da azanci da sanin karin magana fiye da kowane zakaran muhawarar makaranta. Abin da ya raba su da mai muhawara shi ne babu wanda yake tsare su da tambayar madogara. Gasar da take ba da maki don zaƙin baki kawai, ita ma irin wannan runduna take horarwa.

Haɗari na biyu shi ne ɗalibi ya fita da zaton cewa kowace magana tana da fuska biyu masu nauyi ɗaya. Maganin wannan yana wajen zaɓen batu. Abin da bincike ya riga ya tabbatar, kamar ko ruwan gishiri yana maganin Ibola, ba a raba masa ɓangare, aikin bincike ake ba ɗalibai a kansa. Abin da ake muhawara a kai shi ne abin da ya kamata a yi, alal misali ko ya dace a hukunta iyayen da suka hana 'ya'yansu riga-kafi. Haka kuma batutuwan aƙida, waɗanda suke da nasu malamai da nasu zaure, bai kamata a jefa su cikin gasar yara ba.

Na uku shi ne al'adar kunya da girmama na gaba. Yaron Bahaushe an tarbiyyantar da shi kada ya mayar wa babba magana, kuma wasu iyaye suna iya ganin muhawara tana koya fitsara. Amsar ita ce, harshen yana da hanyoyin tambaya cikin ladabi. Yaro yana iya cewa, "Allah gafarta Malam, a ina aka samo wannan, don in ƙaru?" ba tare da ya ƙaryata kowa ba. Koyar da irin wannan lafazi wani ɓangare ne na horon, kuma shi ne zai sa abin da aka koya a makaranta ya shigu cikin gida.

8.0 Tsarin da Ya Dace

Daga abin da ya gabata ana iya tsamo shawarwari biyar. Ta farko ta shafi harshe. Muhawara da Ingilishi tana da amfaninta wajen koyon Ingilishi, amma ɗalibin da ƙarfinsa ya ƙare a neman kalma ba shi da sauran ƙarfin auna hujja, shi ya sa yake fakewa da hadda. Tunda da Hausa ƙarya take zuwa masa, da Hausa ya kamata ya koyi tsare ta. Wannan kuma zai bunƙasa harshen kansa, domin zai tilasta samar da kalmomin kasafi da doka da ƙididdiga a bakin matasa.

Ta biyu, batutuwa su fito daga rayuwar garin: ruwan sha, kwashe shara, kuɗin makaranta, sha'anin almajirai, rikicin manoma da makiyaya, shaye-shaye, tsadar aure. A sanar da batu da mako biyu, a kuma buƙaci kowane ɓangare ya je ya tambayi waɗanda abin ya shafa.

Ta uku, a gyara ma'aunin maki. A gasar makarantu ta duniya, wadda aka fara a Ostareliya a 1988, akan ba salon magana kashi 40, ƙunshiya 40, dabara 20. Don manufar da ake magana a kai, ya fi dacewa hujja da madogara su ɗauki rabin makin, a kuma rage wa duk wanda ya kawo adadi ko labari da "an ce" ko "wai" ya kasa faɗin mai shi. Wanda ya amsa kuskurensa da aka nuna masa, a ƙara masa.

Ta huɗu, a shigar da lokacin tambayoyi kai tsaye tsakanin ɓangarorin, kamar yadda yake a tsarin da aka sa wa sunan Karl Popper, wanda aka yaɗa a makarantun Gabashin Turai a shekarun 1990 bayan faɗuwar mulkin gurguzu. Hadda ba ta jure tambaya. Bayan an yanke hukunci kuma, a ba kowane ɗalibi minti ɗaya ya faɗi ra'ayinsa na ainihi da abin da ya sauya a tunaninsa.

Ta biyar, kada a tsare abin a makarantun boko na maza. Makarantun 'yan mata da Islamiyyu da ajujuwan yaƙi da jahilci duk suna buƙatarsa, musamman da yake mata suna da nasu zaurukan WhatsApp na biki da adashi da dangi, inda saƙonnin magani da na tsoratarwa suke yawo. Haka nan majalisun samari na bakin titi, waɗanda a Damagaram da Maraɗi da Yamai ake kira fada, dandali ne da ya riga ya kafu, ana shan shayi ana musu kullum. Gidajen rediyo masu zaman kansu, da suka yawaita a Arewa tun daga farkon shekarun 2000, suna iya ɗaukar irin wannan muhawara su kai ta har ƙauye.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kafa hujja a bainar jama'a yana da tushe a tarihin ƙasar Hausa, tun daga wasiƙun Barno da Sakkwato har zuwa majalisar taɗi ta Bauchi, kuma harshen Hausa yana da kayan auna labari a cikin kalmominsa da nahawunsa. An kuma ga cewa muhawara tana iya horar da mai tantancewa, tana kuma iya horar da sojan baka, gwargwadon abin da alƙalai suka ba lada. Nauyin da ya rataya a wuyan sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi shi ne su tsara littafin jagora na muhawara da Hausa, su daidaita kalmominta, su shigar da ita cikin horon malamai, sannan su bi sawun ɗaliban da suka yi ta don a auna ko halinsu game da labari ya sauya. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba tambayar "in ji wa?" yana ɗan shekara 15, ita zai yi wa ɗan takara da mai wa'azi da mai tallar magani yana ɗan shekara 40.